Janareta ko sola: lissafin da magidanci zai yi a Kaduna kafin ya zaro kuɗinsa

A Kaduna ba kasafai ake sayen janareta ko sola cikin natsuwa ba. Yawancin cinikin a watan Maris da Afrilu ake ƙulla shi, lokacin da bazara ta kai bango, taransifomar unguwa ta yi kwanaki a lalace, yara sun kwana suna juyi a tabarma. A 'yan shekarun nan azumi ma ya riƙa faɗowa daidai wannan tsakanin. Sai mutum ya wayi gari ido jawur, ya nufi layukan da ke kewaye da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da tambaya ɗaya a baki: nawa ne? Mai shago kuwa da ganin shigowarka ya san ba ka da haƙurin zagaya shago biyar.

Abin da ke jan ragamar mai saye a irin wannan rana shi ne kuɗin da zai fita daga aljihunsa yau. Wanda zai riƙa fita duk wata ba ya cikin lissafi. Bayansa sai abin da ya gani a gidan maƙwabci ko ya ji a majalisa bayan Isha'i: wane ya sa sola, yanzu ko an ɗauke wuta ba ya sani. Ba wanda ya tambayi wanen nawa ya kashe, me yake kunnawa, ko ƙarfe nawa na dare batirinsa ke mutuwa, shi ma kuma ba zai faɗa ba, domin ba mai son a ce an cuce shi. Sauran aikin sai bakin mai sayarwa ya ƙarasa.

Shekaru kaɗan da suka wuce babu wata gardama a kan wannan. Sola ta masu hali ce da asibitoci da rijiyoyin burtsatse na gwamnati, talaka kuma ya sayi injinsa ya zuba mai. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, a Oktoban 2024 kuma ta tsallake dubu. Matatar man da aka buɗe a nan Kaduna a 1980 ta daɗe ba ta ba mu ko ɗigo, saboda haka daga Kudu tankoki ke hawo da fetur, kuɗin hanyar kuma a kanmu yake ƙarewa. A ɗaya gefen, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma fanel da batir da inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, kusan duk daga waje ake shigo da su, akasari daga Chana, batir mai ruwa kuma da yawa daga Indiya. Wato duka hanyoyin biyu sun yi tsada, sai dai ɗaya tana karɓar kuɗinta gaba ɗaya a ranar farko, ɗayar kuma tana tsintar su kullum. Sai ga duhun ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da babban layin wutar Shiroro zuwa Mando ke lalace, layin da ke kawo wuta ta Makurɗi da Jos shi ma ya faɗi, yawancin Arewa ta yi sama da mako babu wuta. Mutane da dama a makon nan suka yanke shawarar da suka daɗe suna ja da baya a kanta, wasu daidai, wasu a gaggauce.

Janareta yana da abubuwan da masu tallar sola ba sa son a ambata. Kuɗin shigarsa kaɗan ne idan aka gwada. Ka saya da safe, ka ɗora a Keke Napep, da Magariba yana aiki, ba ka nemi injiniya ba, ba ka hau rufi ba. Yana da ƙarfin ɗaukar kaya mai nauyi a lokaci ɗaya: dutsen guga, injin jan ruwa, firiza, abin da ƙaramar sola za ta yi ƙara ta mutu a kansa. Ruwansa da rana babu, ko ana tsuga ruwan Agusta zai tashi. Idan ya lalace, daga Rigasa har Kawo babu unguwar da ba ta da mai gyaran inji a bakin titi, kayan gyaran Elepaq da Sumec Firman da Tiger kuma cike suke a kasuwa, idan koyil ne ya ƙone akwai masu naɗa shi a Panteka. Akwai kuma wani dalili da ba a cika furtawa ba amma yana zuciyar kowane magidanci: inji kadara ne. Ranar da ta ɓaci, kuɗin makaranta ko na asibiti, kana fitar da shi za ka sami mai saye kafin yamma. Batirin da ya shekara biyu yana aiki, mai saye sai ya yi ta jinjina shi yana taya maka kuɗin dalma.

Matsalarsa ita ce yana cin kuɗi ta hanyar da ba a ji. Ba wanda ke zuwa gidan mai ya biya kuɗin fetur na shekara. Yau a aiki yaro da galan ya sayo na dubu uku, gobe na dubu biyu wajen 'yan bumburutu, kuɗin ya narke cikin cefane. Mu zauna mu tara shi. A ce inji mai 2.5kVA ne, ana tayar da shi daga Magariba zuwa wajen sha ɗaya na dare, awa huɗu, ya sha lita uku. Mu ƙaddara lita naira 900, kai kuma ka sa farashin da ka saya jiya. Kullum naira 2,700 ke nan, a wata 81,000, a shekara 972,000. Ba a sa baƙin mai ba, wanda ya kamata a canza bayan kowace awa 50 zuwa 100 na aiki, ba a sa fulogi ba, ba a sa wankin kafireta ba duk sanda aka haɗu da gurɓataccen mai. Kuma duk da wannan kuɗi, da sha ɗaya ta yi an kashe, sauran daren zafin yana nan.

Akwai wani ɓangaren lissafin da ya fi wannan ciwo. Inji yana shan mai ne don ya juya kansa, ko ka ɗora masa kaya ko ba ka ɗora ba. Bambancin abin da yake sha da fanka uku da abin da yake sha da firiza a kai bai kai yadda mutum zai zata ba. Gidan da ke kunna fanka uku da ƙwai shida da talabijin da cajin waya bai wuce wat 350 ba. Yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, saboda haka a awa huɗun nan yunit 1.4 kawai gidan ya sha, ya biya naira 2,700. Kusan naira 1,900 ke nan a kan kowane yunit. 'Yan rukunin Band A, wato waɗanda a ƙa'ida ake ba wuta awa 20 a yini, da suka yi ta kuka da aka kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024, kafin a ɗan sassauta, ba su biya ko kashi ɗaya cikin takwas na wannan ba. Wanda ke tayar da babban inji don fanka da fitila shi ne mai shan wuta mafi tsada a garin, kuma yawanci bai sani ba.

Ƙaramin Tiger da ake haɗa wa fetur da baƙin mai ya fi sauƙin sha, shi ya sa masu shaguna suka riƙe shi duk da Kwastam ta sanar da hana shigo da irinsa tun 2015. Sai dai hayaƙinsa ya fi yawa, wutarsa tana hawa da sauka, kuma ba ya daɗewa idan kullum ne. Maganar hayaƙi kuwa ba ta wasa ba ce, babba ko ƙarami. Iskar da ke kashe mutane a barci ba ta da wari ba ta da launi, kuma kusan duk labarin da ake ji iri ɗaya ne: an shigar da inji zaure ko baranda ko kicin saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, an rufe ƙofa. Wanda ba shi da fili a waje, nesa da taga, inda zai ɗaure inji da sarƙa, wannan kaɗai ya isa ya sa ya sake tunani.

Sola kuma wahalarta a ranar saye take, domin abu huɗu ne ake haɗawa, fanel da batir da inbata da na'urar caji, kuma mai saye ɗaya kawai ya sani a cikinsu. Za ka ji mutum yana cewa ya sa "mai 3.5" ko "mai 5", yana nufin kVA na inbata. Wannan lamba nauyin kayan da za a iya kunnawa a lokaci ɗaya take faɗa, ba ta ce komai a kan awa nawa za su yi suna aiki ba. Batir shi ne randa, fanel shi ne mai zuba ruwa a cikinta da rana, inbata kuwa moɗa ce. Ka sayi ƙatuwar moɗa ka sa a ƙaramar randa, da wuri za ka ji ƙasa. Masu haɗa kaya sun san lambar inbata ce ke burge mutane, ita ce kuma mai arha idan aka gwada da batir, don haka nan suke cika hannu, su tsuke a batir da fanel don farashin ya yi daɗin ji.

Hanyar tsira daga wannan takarda ce da biro, kafin a je kasuwa. Rubuta duk abin da kake so ya yi aiki idan babu wuta, da wat ɗinsa, wanda ke rubuce a jikinsa ko a bayansa, da awannin da zai yi. Fankar sama ta gama-gari tana cin wajen wat 60 zuwa 75. Uku, awa goma na dare, yunit 1.8 ke nan a ƙalla. Ƙwai shida masu wat 10, awa biyar, 0.3. Talabijin da dikoda, awa huɗu, wajen 0.3. Da cajin waya, gidan na neman yunit biyu da rabi kowane dare, babu firji a ciki. Yanzu dubi batir. Mai ruwa, wanda ake kira tubula, mai 12V 200Ah, yana ɗaukar yunit 2.4 a rubuce, amma idan kana so ya yi rai rabi kawai za ka riƙa sha, wato 1.2. Biyu ke nan da ƙyar suke kai wannan gida asuba. Wanda aka haɗa wa batir ɗaya aka ce masa zai kwana da fanka uku, ko dai wutar ta mutu da ƙarfe ɗaya, ko kuma batirin ya mutu kafin shekara.

A nan ne zaɓi na biyu ke ɓuya a cikin na farko, tubula ko litiyam, kuma a ganina ya fi zaɓin inbata muhimmanci nesa ba kusa ba. Tubula ya fi arha a ranar saye, masu gyara sun san shi, amma yana son kulawa: a duba ruwansa, a ƙara masa ruwan batir ba na famfo ba, a ajiye shi inda iska ke shiga, kada a bar shi ya kwana a ƙasa ba caji. Zafin Kaduna yana rage masa kwana. Idan an kula da shi yakan yi shekara biyu zuwa huɗu, idan kuma kullum ana tatse shi har ƙarshe, ba ya kaiwa. Litiyam, irin wanda ake rubuta wa LiFePO4, ana iya shan kashi 80 zuwa 90 na abin da ke cikinsa, yana cika da sauri, ba ruwansa da ƙarin ruwa, kuma masu ƙera shi suna rubuta masa zagayen caji dubbai. Mai 51.2V 100Ah yunit biyar ne da ɗoriya, kuma sama da huɗu daga ciki naka ne. Kafin tubula ya ba ka haka sai ka jera huɗu, ka kuma shirya sake su kafin litiyam ɗin ya gaji. Nan maganar mutanen da ta ce sayen nagari mayar da kuɗi gida ta zauna daidai, da sharaɗin nagarin ne da gaske, domin akwai akwatuna masu kyan fenti da aka cika da tsofaffin ƙwayoyin batir. Wanda kuɗinsa bai kai litiyam ba, gara ya rage kayan da zai kunna ya sayi ƙaramin litiyam mai yunit biyu da rabi, da ya sayi tubula biyu ya ɗora musu gida duka.

Fanel shi ne ya fi komai daɗewa, nagari yakan wuce shekara ashirin, kuma farashinsa a duniya ya faɗi sosai, don haka tsuke hannu a kansa rashin dabara ne. Rana ba ta yi mana rowa ba a Kaduna. Fanel mai wat 550 yakan ba da wajen yunit biyu a yini mai kyau, bayan an cire asarar zafi da waya. Gidan da muka lissafa yana son biyu, idan da firji uku ko huɗu. Amma a yi lissafi da watanni marasa kyau. A Yuli da Agusta hadari kan rufe sama kwana biyu ko uku a jere, a Disamba da Janairu kuma ƙurar hunturu tana dusashe rana tana kuma kwanciya a kan gilashin. Fanel ɗin da aka kafa a inda ba mai iya hawa ya wanke, rabin hunturu a banza yake. Ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, babu inuwar tankin ruwa ko bishiyar mangwaro a kansa, domin inuwa a gefe ɗaya tana jawo duka layin ƙasa. Na'urar caji kuma a nemi MPPT, ta fi PWM tatso abin da fanel ya samar. Sannan a kula da takardar da ke manne a bayansa. Buga sitika ba wuya, kuma fanel mai wat 550 na gaske ya fi mutum tsawo, ya haura mita biyu. Idan an nuna maka wanda bai kai ƙirjinka ba an ce 500 ne, girman ya riga ya ba ka amsa.

Zancen da ake yi a shago kusan ba ya canzawa.

"Alhaji, wannan zai ɗauke maka komai. Firji, fanka, talabijin, har guga Hajiya za ta yi."

"To madalla. Har zuwa ƙarfe nawa?"

"Ai Alhaji har safe, in sha Allahu."

Daga nan ne ya kamata ciniki ya fara, amma a nan yawanci yake ƙarewa. Abin da za ka ce shi ne: "Malam, ga takardar kayana, rubuta mini a rasit cewa za su kai asuba, da garantin batir na shekara nawa, da wanda zan kawo wa idan ya samu matsala." Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan. Wanda ya fara cewa ai tsakaninmu amana ce, ba sai an rubuta ba, ka yi masa godiya ka leƙa shago na gaba. Haka kuma a raba mai sayarwa da mai haɗawa idan da hali, ko a ƙalla a san cewa mai haɗawar da ya ce lallai sai a shagon wane za a saya yana da kasonsa a can. Ba haramun ba ne, amma shawararsa ba ta zama ta ɗan'uwa ba. Aikinsa ma abin dubawa ne: siririyar waya tsakanin batir da inbata tana zafi tana iya tayar da gobara, ga fiyus da abin kariya daga tsawa da ake tsallakewa don a rage kuɗi, alhali farkon damina a nan da tsawa yake zuwa. Kafin ka ba mutum aiki, je ka ga gidan da ya haɗa wa shekara biyu da suka wuce, ba na makon jiya ba. Batir na hannu kuwa, wanda ake cewa an ciro daga banki ko daga turken sadarwa, caca ce. Inji na hannu kana iya tayar da shi ka ji ƙararsa ka ga hayaƙinsa. Batir zai nuna maka cikakken caji a mita a shago, ya kai ka gida ya yi awa ɗaya.

To wa ya kamata ya sayi me? Komawa ga lissafin fetur ɗin nan ne. A ce an yi maka jimillar haɗin litiyam da fanel da inbata da aiki naira miliyan biyu da rabi. Mai ƙona 972,000 a shekara ya mayar da kuɗinsa kafin shekara uku, kuma ya samu dare cikakke da rana a kai, wanda inji bai taɓa ba shi ba. Amma wanda unguwarsa ke samun wuta, sau biyu kawai a mako yake tayar da inji, fetur ɗinsa na shekara bai kai naira 300,000 ba. Shi sai ya shekara takwas ko tara kafin ya ga kuɗinsa, lokacin batirin ma ya fara tsufa. Idan ya sa sola, don jin daɗi da shiru ya sa, kuma ba laifi, amma kada ya ce tattali ne. Duba takardar wutarka ko rasit ɗin mita ka ga rukuninka. A ƙa'ida Band A awa 20 ne a yini, B 16, C 12, D 8, E kuma 4, sai dai ka auna da abin da kake gani da idonka, ba abin da aka rubuta ba. Wanda da gaske yake samun awa goma sha biyu zuwa sama, sau da yawa inbata da batir kawai yake buƙata, wutar NEPA ta cika masa, fanel ya biyo baya idan hali ya samu.

Ga masu sana'a abin ya fi fitowa fili. Tela, mai aski, mai cajin waya, mai POS, mai kemis, mai shagon kwamfuta, duk kayansu marasa nauyi ne, awanninsu dogaye, kuma da rana suke aiki, lokacin da fanel ke bayarwa kai tsaye ba sai an tara a batir ba. Waɗannan su ne sola ta fi yi wa rana, kuma da ƙaramin batir ma sun wadatu. Telolin Kasuwar Bacci da ke kwana ɗinki kafin Sallah ne kawai za su so ƙarin batir ko inji a gefe na waɗannan makonni. Mai walda, mai injin markaɗe, mai wanki da guga, kayansu na jan wuta mai yawa a ɗan lokaci, dutsen guga ɗaya wat 1,000 ne zuwa sama, solar da za ta ɗauke su kuɗinta ya fi ƙarfin jarin. Su inji ne nasu. Matan da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya a gida suna tsakiya. Firiza tana fizgar wuta ninki uku ko fiye a lokacin tashi, don haka tana son inbata mai ƙarfi, amma idan an yi dabara an bar ta ta yi aikinta daga hantsi zuwa La'asar a kan fanel, aka kashe da dare ba a yawan buɗewa, ba ta buƙatar tulin batir. Injin jan ruwa ma haka, a cika tanki da tsakar rana.

Ɗan haya yana da nasa lissafin. Fanel a rufin da ba naka ba yana son izinin mai gida, yana son huda kwano, kuma ranar tashi sai an biya mai saukewa da mai sake kafawa. A gidan haya mai ɗakuna da yawa kuma, kai kaɗai da wuta cikin duhu, ka zama wurin cajin kowa, kuma ba ka iya hana maƙwabciya ta sa wa jaririnta fanka. Ga irinsa an fi samun sauƙi da akwatin nan mai haɗe da batir da inbata wuri ɗaya, da fanel ɗaya ko biyu da za a iya ɗauka a tafi da su.

Sai yadda za a biya, wanda shi ne ke mayar da mutane da yawa ga inji ko da sun gane lissafin. Mai albashi yana iya fitar da dubu tamanin a wata a gutsure, amma ba ya iya fitar da miliyan biyu a dunƙule. Kamfanoni irin su Sun King da d.light sun shigo ta wannan ƙofa da ƙananan kaya na biya kaɗan-kaɗan, ka ba da kafin alƙalami, ka riƙa biya, idan ka tsaya na'urar ta kulle kanta. Ga wanda ba shi da wata hanya yana da amfani, amma kafin ka sa hannu ka ninka abin da za ka riƙa biya da yawan watannin, ka gwada da farashin kuɗi hannu, ka ga tazarar da idonka. Mutanenmu da yawa kuma suna tambayar ko akwai kuɗin ruwa a ciki, kuma tambaya ce da ta dace a kai wa malami da takardar yarjejeniyar a hannu, ba da bayanin ɗan talla ba. Adashi da ƙungiyar ma'aikata ta wurin aiki sun fi sauƙi ga wanda zai iya jira, kuma jiran yana da wata riba: ka karɓi kwasarka ka saya a kaka ko farkon hunturu, lokacin da ba a rububi, mai haɗawa yana da lokacinka, kai ma kana da haƙurin ciniki.

Wani abu da na lura da shi shi ne wanda ke biya ba shi ne wanda ya fi sanin buƙatar ba. Maigida ya fita tun safe, sai dare yake dawowa, don haka a ransa matsalar wuta ta dare ce, inji na awa huɗu ya isa. Uwargida ita ke yini da zafin, ita ta san miyar da ta lalace, ita ke jiran yaro ya dawo makaranta ya ja mata igiyar inji, ita ta san cewa guga da blanda ne za a fara jonawa ranar da aka ce an sa sola. Takardar lissafin da aka rubuta ba tare da ita ba ƙarya ce, kuma batirin ne zai biya. Idan an haɗa, a ware layin soket ɗin kicin da na guga daga kan inbata tun farko, ya fi a yi ta faɗa da yara.

Ni dai idan aka tambaye ni a kan gida mai matsakaicin hali a Tudun Wada ko Badarawa ko Hayin Banki, inda wuta ba ta da tabbas, ba da sola nake cewa a fara ba, ba kuma da sabon inji ba. A fara da rage cin wutar. Fanka mai amfani da wutar batir kai tsaye, ko sabuwar fankar sama mai tattali, tana cin wat 15 zuwa 35, wajen rabin tsohuwar ko ƙasa da haka. Canza fanka uku ya rage yunit ɗaya ko fiye a kowane dare, kuma yunit ɗaya na batir ya fi fanka ukun tsada. Bayan nan a sayi inbata da za ta karɓi ƙari nan gaba, da litiyam daidai ƙarfi, da fanel biyu, a bar wuri a rufi da kan waya don na uku da na huɗu. Tsohon injin kuma kada a sayar. A tsiyaye masa mai daga kafireta idan zai daɗe a ajiye, a riƙa tayar da shi sau ɗaya a wata, a ajiye shi don guga da jan ruwa da ranakun Agustan da rana ta ƙi fitowa. A irin waɗannan ranaku, idan caja ɗin inbatar na karɓar wutar inji, awa biyu ko uku da ya yi yana cika batir tare da jan ruwa sun fi amfani da man fiye da dare guda yana juya fanka uku.